Wanda aka yi wa dashen ƙoda, allurar rigakafi nawa za ta ishe shi?

Baban Walida, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan. Yayana ne aka yi wa dashen ƙoda tun kafin zuwan korona, Alhamdu lillahi jiki ya karɓa, yana shan magungunansa safe da dare. A 2021 ya yi allurar korona guda biyu, katin na nan. Da ya koma ganin likita sai aka ce biyun nan ba su ishi irinsa ba, kuma ana so a duba ta ciwon hanta da ta namoniya. Ga shi yana shirin Umara, wakilin tafiyar ya ce sai da katin allurar zazzaɓin shawara. Gida ya rabu biyu. Hajiyarmu ta ce mutumin da ke ji da kansa kada a yi ta ɗirka masa allurai, matarsa kuma ta ce duk wadda aka ambata a yi masa. Ni dai na rasa ta cewa.

Malam na Obalende: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sa kaffara ne.

Sista, Idi-Araba: Baban Walida, kafin komai: kada a yi masa allurar shawara. Ko wa ya ce a yi, a ce sai likitansa na ƙoda ya sa hannu, kuma ba zai sa ba. Ina bakin aiki, zan dawo da bayani.

Ɗan Alaba Rago: Kun ji ko? Tun ba a je ko'ina ba an fara, wannan a yi, waccan kada a yi. Da farko cewa aka yi biyu sun wadatar. Aka dawo aka ce uku. Yanzu har huɗu da biyar ake ji. Abin da ke aiki ai ba a ta maimaita shi. Kasuwa ce kawai ta buɗe wa masu kamfani. Ni bayan Hajiya nake.

Likita, Ikeja: Hajiya da matar yayanka kowacce ta riƙe wani gefe na gaskiya, Baban Walida. Akwai alluran da ya kamata ya samu fiye da na kowa, akwai kuma waɗanda ko kusa da su ba zai je ba.

Magungunan da yake sha, na san ba za su wuce irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone ba, aikinsu shi ne su danne garkuwar jikinsa da gangan don kada ta far wa ƙodar da aka dasa. To ita allurar rigakafi da wannan garkuwar take magana, tana nuna mata kamannin cuta don ta haɗa sojojin da za su yi jiranta. Garkuwar da aka danne ba lallai ta amsa ba. An gwada an gani. A 2021 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna jinin mutum 658 da aka yi wa dashen wani sashen jiki, bayan allurar korona biyu, kashi 46 cikin 100 ba a ga alamar sojojin a jininsu ba. A birnin Tulus na Faransa kuma, kashi 40 cikin 100 ne suka amsa bayan ta biyu, da aka ƙara ta uku suka kai kashi 68.

Shi ya sa ƙarin allura iri biyu ne. Ku ɗauki marina. Akwai yadin da aka tsoma a baba bai kama ba, dole a sake tsoma shi nan kusa kafin a ce an rina. Akwai kuma wanda ya kama sarai, sai wanki da rana suka koɗar da shi, bayan an jima a mayar da shi karofi. Yayanka na farkon ne. Allurarsa ta uku cikon ta farko ce, shi ya sa tazararta gajeriya ce: Amurka ta amince da ita a Agustan 2021 da tazarar kwana 28 bayan ta biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta biyo baya a Oktoban shekarar da tazarar wata ɗaya zuwa uku. Wadda hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta fara yi wa kowa da kowa a nan Najeriya ranar 10 ga Disamba 2021 ita ce ta biyun, ta farfaɗo da garkuwar da ta yi sanyi, wata 6 bayan allura ta biyu, ko wata 2 ga wanda ya yi Johnson & Johnson. Mai dashen ƙoda duka biyun yake bukata.

Ɗan Alaba Rago: Likita, da girmanka, amma ni ɗan Fagge ne. A 1996 lokacin sanƙarau mun san abin da Pfizer ta yi da yara a Kano. Sannan a Disambar 2021 ɗin da kake faɗa, ba a talabijin muka ga an zubar da allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja an bi ta kansu da katafila ba? Wai sun lalace. Abin da suka gama yayinsa shi suke turo mana.

Likita, Ikeja: Duka biyun sun faru, ba zan musa maka ba. Na 1996 gwajin wani maganin ƙwayoyin cuta ne mai suna Trovan a kan yara 200, ba allurar rigakafi ba ce, amma yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, kuma tabon bai goge ba har yau. Shi ne ma ya ƙara wa ƙauracewar rigakafin shan inna ta 2003 ƙarfi. Na 2021 kuwa ƙasashen da suka tara allurai sun riƙe su sai da wa'adinsu ya kusa cika suka kawo mana sadaka. Abin kunya ne a gare su. Amma ka lura, zubarwa aka yi, ba a yi wa mutane ba.

Zancen kasuwa kuma, a Agustan 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, fitowa ya yi ya ce ƙasashe masu kuɗi su dakatar da yi wa lafiyayyunsu ta uku tun da talakawan duniya ko ta farko ba su samu ba. Su wa ya ware ya ce su kam a yi musu? Masu raunin garkuwa. Wanda ya fi kowa adawa da yawan ƙarin allura a lokacin ma bai haɗa da irin yayan Baban Walida ba.

Ɗan Alaba Rago: To ai korona ta wuce. Su da kansu suka ce ta wuce.

Likita, Ikeja: Abin da aka sanar ranar 5 ga Mayu 2023 shi ne an janye dokar ta-ɓaci ta duniya a kanta. Ƙwayar cutar tana nan tana yawo. Ni ma ba zan tsaya ina jayayya da matashi lafiyayye irinka a kan ta huɗu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun Maris 2023 ta daina matsa wa irinku. Waɗanda ta ce su ci gaba da sabuntawa bayan wata 6 zuwa 12 su ne tsofaffi, masu ciwon suga ko na zuciya mai tsanani, masu raunin garkuwa, da ma'aikatan lafiya, sai masu juna biyu a lokacin cikin. Kai in ta kama ka yawanci kamar mura ce ta 'yan kwanaki. Shi tana iya kai shi gadon asibiti, a tilasta rage masa maganin dashen, ƙodar kuma ta shiga haɗari.

Direban tirela, Apapa: Ni fa ban ga abin wahala ba. Katin shawara ai akwai masu yi maka shi ba tare da allura ta taɓa jikinka ba. A ba su na goro a wuce wurin.

Sista, Idi-Araba: Haba Oga direba, a zauren mutum ɗari nawa kake wannan tallar? Na dawo.

Allurai kashi biyu ne. Akwai waɗanda ƙwayar cutar da ke ciki matacciya ce, ko ɓangarenta ne kawai, ko saƙon yadda jiki zai gane ta: na korona, ta ciwon hanta, ta namoniya, ta sanƙarau, ta tetanus da mashaƙo. Waɗannan ba za su iya sa masa cutar ba ko garkuwarsa ta kai ƙasa, iyaka dai su ƙi kamawa. Akwai kuma masu ƙwayar cuta mai rai da aka raunana: ta shawara, ta ƙyanda, BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna na baki. Lafiyayyen jiki yana murƙushe su ya koyi darasi. Jikin da aka danne wa garkuwa kuwa ƙwayar na iya yaɗuwa a cikinsa ta zama ciwon gaske, ta shawara har hanta da ƙwaƙwalwa takan taɓa. Tsoron Hajiya a nan yake da gurbi.

Abin yi, Baban Walida, ku fara binciko ko ya taɓa yin ta shawara kafin dashen. Tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabunta ta bayan shekara 10. In ya taɓa yi, tsohon katin ne abin nema, ku duba cikin tsohon fasfo, nan mutane suka fi mantawa da shi. In bai taɓa yi ba, likitansa ya rubuta takardar uzuri a kan takardar asibiti da hatimi, ku kai ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, masu ba da katin. Ƙasar da za a shiga ita ke da ta cewa a kan karɓar uzurin, don haka wakilin ya tabbatar muku tun kafin a biya kuɗin jirgi. Katin bogi kuwa ranar da ya kwanta ciwo a can, likitan da zai duba shi zai ɗauka yana da kariyar da ba shi da ita.

Ta sanƙarau da Saudiyya ke nema, mai nau'i huɗu, ba mai rai ba ce. Ya yi ta, aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Ɗigon shan inna da ake ba maniyyata shi ma a faɗa wa likita, akwai na allura a madadinsa.

Malam na Obalende: Direba, kati a ce an yi abin da ba a yi ba shaidar zur ce, kuma a kan hanyar ɗakin Allah. Wanda likita ya hana shi yana da uzuri a shari'a, ba ya bukatar ƙarya.

Direban tirela, Apapa: Allah Ya huci zuciyar Malam, na janye.

Hajiya, Ketu: Sista, mu kuma maigida wankin ƙoda ake masa sau biyu a mako. An yi masa ta ciwon hanta har sau huɗu, kowane zuwa allura biyu, ni kuwa uku aka yi min ɗaiɗai. Bana kuma sun ɗebi jini sun ce a ƙara ɗaya. Har na fara zargin kuɗinmu ake so, don wankin kaɗai ya ishe mu.

Sista, Idi-Araba: Hajiya, daidai suka yi. Mai wankin ƙoda ninki biyu ake ba shi, maikirogiram 40 maimakon 20, kuma sau huɗu: ranar farko, bayan wata 1, wata 2, sai wata 6. Ga jininsa kullum yana bi ta na'ura, ga ƙarin jini lokaci-lokaci, ga jikin ba ya riƙe rigakafin kamar naki. Shi ya sa duk shekara ake auna sojojin, in sun sauka ƙasa da 10 a ƙara masa ɗaya. Ku nemi su nuna muku takardar sakamakon, lambar na jiki. Ke kuwa da kika cika ukunki kina lafiya, ba a saba ƙara miki ba.

Maman Haidar, Mile 12: Ni tambayata a kan masu sikila ce. Ɗana shekararsa uku, ya gama duk alluran asibitin sha-ka-tafi, katinsa cike. Da muka je cibiyar sikila ta Idi-Araba, wadda ke kallon asibitin koyarwa na LUTH, sai na ji iyaye na zancen wata ta namoniya da ake saya. Ba an yi masa ta namoniya tun yana jariri ba?

Likita, Ikeja: An yi masa, sau uku, a mako 6 da 10 da 14. Najeriya ta shigar da ita cikin na yara kyauta tun ƙarshen 2014. Amma mai sikila saifarsa ce matsalar. Ita ke tace wasu ƙwayoyin cuta masu kauri a jini, irin na namoniya da sanƙarau, kuma a masu sikila tun suna ƙanana take toshewa ta daina aiki. Wadda iyayen ke faɗa tana rufe nau'i 23, daga shekara 2 ake yin ta, ba ta cikin na kyauta. Ki tambayi likitansa ita da ta sanƙarau. Shi ba a hana shi masu rai ba, ta ƙyanda da ta shawara duk ya yi abinsa.

Abu biyu kada allura ta sa ki sake da su: penisilin ɗin da ake ba su kullum har shekara 5, da zazzaɓi. Jikinsa ya yi zafi, asibiti a daren, ba kemis ba, ba a jira gari ya waye don gudun gosulo.

Maman Haidar, Mile 12: Na gode Likita. Kuɗin ne dai, amma za mu ƙoƙarta.

Shugaban zaure: Wata 'yar uwa ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce kada a faɗi sunanta, kuma kada wanda ya tambaye ni. Ta ce tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tana shan magani shekara da shekaru, 'yarta mai shekara 11 ita ma da ita aka haife ta. An yi wa yarinyar allurar kansar bakin mahaifa a makaranta sau ɗaya aka ce shi ke nan. Shin ita ma shi ke nan? Ita uwar kuma tana cikin waɗanda aka hana ta shawara?

Sista, Idi-Araba: 'Yar uwa, Allah Ya ƙara lafiya, kin kyauta da kika tambaya. Allurar da aka fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 guda ɗaya ce ga sauran yara. Ga mai ɗauke da wannan cuta aƙalla biyu ne, in da hali uku. Masu yi a makaranta ba su san halin da take ciki ba, kuma ba sai kin faɗa musu ba. Ki kai katin asibitin da kuke karɓar magani, can za su tsara mata sauran cikin sirri.

Ke kuma ya danganta da awon CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwa da ke jininki. In ya kai 200 ko ya haura, kina shan magani, ba ki da wani ciwo a jiki, ana iya yi miki ta shawara. In bai kai ba a dakata. Mai shan maganinsa kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina nunawa a awo, garkuwarsa ba ɗaya take da ta wanda ya watsar da magani ba, kada a haɗa su a kwando ɗaya.

Baban Walida, Agege: Allah Ya saka da alheri. Amma Likita, abin da ya tsaya min: ka ce ko bayan ta uku kashi 68 ne suka amsa. Sauran fa? In Yaya yana cikinsu?

Likita, Ikeja: A nan gizo ke saƙar. Akwai wanda ko an yi masa biyar jikinsa ba zai amsa yadda ake so ba, musamman mai shan mycophenolate. Kada kuma wani ya ce a tsayar da maganin na 'yan kwanaki don allura ta kama, ƙodar za a rasa. Da ma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin dashe, ko mako biyu kafin a fara maganin ciwon daji, sa'ad da garkuwar ke da ƙarfinta. Duk mai ɗan uwa da ke layin dashe ya riƙe wannan.

Wanda ya riga ya wuce nan, sauran kariyarsa tana hannun mutanen gidansa. Kun san zaman Agege, ɗaki da falo mutum takwas, bayi ɗaya gida guda, baƙi daga Arewa ba sa yankewa. Cutar da za ta same shi ba daga sama za ta faɗo ba, wani ne zai shigo da ita. Yaran gidan su cika alluransu, har da ta ƙyanda, ba ta da haɗari gare shi in su aka yi wa. Manya su duba ta mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 take ɓarna, Kano ta fi kowa jin jiki, kuma a Maris 2025 ta ɓulla a makarantar kwana a nan Legas har ɗalibi ya rasu. Motocin Kano kullum suna sauke mutane a unguwanninmu. Mai tari ko mura ya yi masa sannu daga bakin ƙofa. A Harami kuma ya sa takunkumi, ba abin kunya ba ne.

Maman Haidar, Mile 12: To masu ɗigon shan inna da ke bi gida-gida fa, in akwai irinsa a gidan?

Sista, Idi-Araba: Kada a ɓoye yara. Ƙwayar ɗigon tana fita a kashin yaro na wasu makonni, don haka a irin wannan gida a sanar da likitan mara lafiyar tun da wuri, ya faɗi ko na allura za a yi wa yaran. In an riga an ɗiga, shi mara lafiyar kada ya yi wa yaro tsarki ko ya taɓa kunzugu, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Bari in ƙara wani abu tun da mata na nan. Akwai masu raunin garkuwa da ba su san suna da shi ba: masu shan sha-ka-fashe don ƙiba, da masu haɗin ciwon gwiwa na kemis. Yawanci dexamethasone ko prednisolone ne a ciki. Wanda ya sha prednisolone miligiram 20 kullum har mako biyu, a wurinmu garkuwarsa ta danne, sai ya yi wata guda da dainawa ake masa allura mai rai. Dexamethasone kuwa miligiram 3 kacal ya kai wannan, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin nan guda shida. Sai mace ta zo allurar tafiya, ka tambaye ta tana shan wani magani, ta ce a'a, ga fuska ta yi tim kamar an hura. Ku riƙa faɗa mana. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita.

Ɗan Alaba Rago: Ni dai har yanzu ba mai ƙara min ta korona. Amma zancen Baba da ke da suga, shekararsa ta haura 70, zan kai shi a duba.

Likita, Ikeja: Kai shi. Ka tafi da duk katunansa da ledar magungunansa.

Direban tirela, Apapa: Sista, tambaya ta gaskiya yanzu. Masu farar riga sun zo garejinmu bara suka yi wa yaran mota ta ciwon hanta, guda ɗaya, ba su sake dawowa ba. Ta lalace ke nan, sai an sake daga farko?

Sista, Idi-Araba: Ba a sake farawa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa ko an yi shekara. Su yi ta biyu yanzu, ta uku aƙalla wata biyu bayanta. In ba a auna jininsu kafin ta farkon ba a auna, don wanda ya riga ya kamu allurar ba ta yi masa komai, asibiti yake bukata. Kuma su je inda firjin ke da wuta ko sola. Wannan allurar tsakanin digiri 2 zuwa 8 take zama, in ta daskare ta mutu, in ta kwana a zafin gareji ma ba a yarda da ita. Ka ce su nuna maka kwalbar kafin a zuƙa, ranar ƙarewar wa'adi na rubuce a jiki.